Gani Ya Kori Ji: Rikicin Shugabanci a Jami'ar Kurame

Wanda ya saba shiga lambunan Jiratawa da hantsi, lokacin da ƴan sari daga Maradi ke ɗaure buhunan zogale a bayan babura, ya san ana iya ƙulla ciniki kaf ba a furta kalma ɗaya ba. Mai saye ya ɗaga yatsu uku, mai lambu ya maƙe kafaɗa ya kau da kai. Mai saye ya ƙara ɗaya, ya yatsine fuska yana nuna ganyen kamar ya yi yaushi. Mai lambu ya tsinko reshe ɗanye shar, ya kai shi saitin idon mai saye ya girgiza. Sai dariya, sai musafaha, kuɗi su shige aljihu. Mai lambun kurma ne, ba a cuce shi ko dala ba, kuma ba a nemi tafinta ba.

To amma a bar lambu a shiga taro. Ranar da masu noman rani suka zauna kan rabon ruwa ko zaɓen shugaban ƙungiya, ko ranar da baƙi suka iso cikin motoci masu tambari don jin koken naƙasassu, mutumin nan da ya iya lissafin taki da iri, yake ciyar da gida, har ya aurar da ƴaƴa, sai a zaunar da shi gefe a ce ƙanensa ya faɗi abin da ke ransa. Ƙanen yana iya faɗin gaskiyar yayansa, yana kuma iya faɗin son ransa. Shi dai kurman yana kallon leɓɓa suna motsi har a shafa fatiha.

Wa ke da hurumin magana da yawun kurame, wa kuma ya cancanci ya shugabance su? Wannan tambaya ce ta garƙame ƙofofin wata babbar jami'a a birnin Washinton har sau biyu, a 1988 da kuma 2006. Labarin bai tsaya can Amurka ba, domin akwai igiyar da ta taho daga wannan jami'a har cikin azuzuwan kurame na Maradi da Kano.

Gidan da kurma ba baƙo ba ne

Sunanta Jami'ar Gallaudet. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba makarantar izinin ba da digiri. Ta ci sunan Thomas Hopkins Gallaudet, mutumin da ya je Faransa ya taho da wani malami kurma mai suna Laurent Clerc, suka buɗe makarantar kurame a garin Hartford a 1817. Ɗansa, Edward Miner Gallaudet, shi ne shugabanta na farko. Har gobe gwamnatin Amurka ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da ita, kuma shugaban ƙasa mai ci ne ke sa hannu a takardar duk ɗalibin da ya kammala.

A wannan harabar, darasi da hannu ake yin sa. Haka gardama, haka wasan kwaikwayo, haka zance tsakanin saurayi da budurwa. Malami in yana son aji ya natsu, sai ya kashe wuta ya kunna. Mai son kiran abokinsa sai ya taɓa kafaɗarsa ko ya buga ƙafa a daɓen katako har girgizar ta kai gare shi.

Sai an san yadda kurma ke tasowa za a gane darajar irin wannan wuri. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ba sa ji, iyayensu masu ji ne. Yaro yana zaune a bakin akushi ɗaya da ƴan'uwansa, ana hira ana ƙyalƙyala dariya, in ya tambayi me aka ce sai a yi masa alamar ya bari sai an jima. An jiman nan ba ta zuwa. Ranar da irin wannan yaro ya shiga wurin da kowa ke magana da harshensa, daga mai gadi har farfesa, ba makaranta kaɗai ya samu ba, ya samu dangi. Shi ya sa kuraman Amurka ke kallon kujerar shugaban Gallaudet kamar yadda Bagobiri ke kallon gadon sarautar Tibiri: wanda ya hau ta, sunan jama'a duka ya ɗauka.

Akwai kuma tsohon tabo. A 1880 malaman kurame na ƙasashen Turai da Amurka suka yi taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yara karanta leɓe da fitar da sauti. Edward Gallaudet yana cikin ƴan tsirarun da suka ƙi amincewa. Shekaru kusan ɗari ana dukan hannuwan yara a makarantu, ana sa su zauna a kan tafukansu, malamai kurame kuma suka rasa aiki. Sai a 1960 wani malamin Gallaudet, William Stokoe, ya nuna wa masana cewa maganar hannu ta kuraman Amurka cikakken harshe ce mai nahawunta. Taron malaman kuma bai janye hukuncin Milan a hukumance ba sai a 2010, a birnin Vancouver na Kanada.

Duk da wannan tarihi, shekaru 124 jami'ar ta yi tana hannun shugabanni shida a jere, babu kurma ko ɗaya a cikinsu.

Mako guda a watan Maris

A farkon 1988 kujerar ta zama babu kowa. Aka tace masu nema har suka rage uku: I. King Jordan da Harvey Corson, dukkansu kurame masu digirin digirgir, sai Elisabeth Zinser, mai ji, ƙwararriya a harkar tafiyar da jami'a amma ba ta iya maganar hannu ba. Ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka yi gangami ranar 1 ga Maris, kowa na ganin a wannan karon dai an zo wurin.

Ranar Lahadi 6 ga Maris, hukumar amintattun jami'ar, wadda mafi yawan mambobinta masu ji ne, ta zaɓi Zinser. Ba a ma tara ɗalibai an faɗa musu ido da ido ba, takarda aka raba. A daren suka yi tattaki zuwa otal ɗin da ƴan hukumar suke. Can ne aka ruwaito shugabar hukumar, Jane Bassett Spilman, ta ce kurame ba su kai ga iya tafiyar da al'amura a duniyar masu ji ba. Ta musanta daga baya, ta ce tafinta ne ya juya maganarta. Ko ma yaya aka yi, musun nata ya tona asirin lamarin: mace ta shekara da shekaru tana jagorantar hukumar jami'ar kurame, amma ba ta iya yi musu magana sai ta bakin wani.

Kashegari da asuba ɗalibai suka jera motoci a ƙofofin jami'a suka sace iskar tayoyinsu. Da Spilman ta zo yi musu jawabi a babban zaure, wani ya kunna ƙararrawar gobara, ta ce hayaniya ta yi yawa ba a jin magana. Ɗaliban suka mayar mata da hannu cewa wace hayaniya, ai su ba ta dame su ba, in da hannu take magana da an wuce wurin.

Buƙatu huɗu suka gabatar: Zinser ta sauka a naɗa kurma, Spilman ta yi murabus, kurame su zama kashi 51 cikin 100 na hukumar, kuma kada a hukunta kowa saboda zanga-zangar. Ɗalibai huɗu ne suka ja gaba, Greg Hlibok da Tim Rarus da Jerry Covell da Bridgetta Bourne, dukkansu ƴaƴan iyaye kurame da suka tashi da maganar hannu tun suna goye. Takensu gajere ne: shugaba kurma, yanzu.

Zinser ta janye ranar 10 ga Maris. Kashegari dubban mutane suka yi tattaki zuwa majalisar dokokin ƙasar. Ranar Lahadi 13 ga wata aka biya buƙatun huɗu duka. I. King Jordan ya zama kurma na farko da ya shugabanci jami'ar, Philip Bravin, shi ma kurma, ya karɓi jagorancin hukumar. Shekaru biyu bayan haka, a 1990, Amurka ta kafa babbar dokar kare haƙƙin naƙasassu, kuma masu bin tarihin dokar suna lissafa wannan mako cikin abubuwan da suka share mata hanya.

Akwai wani abu da murna ta rufe a lokacin. Jordan ba a haife shi kurma ba. Hatsarin babur ne ya ɗauke masa ji yana ɗan shekara 21, yana magana da baki garau, kuma ya koyi maganar hannu ne da girmansa. A 1988 babu wanda ya tsaya wannan bincike, tunda abokin karawar mai ji ne.

Da rigimar ta koma cikin gida

Jordan ya shekara goma sha takwas a kan kujera. Ranar 1 ga Mayu 2006 hukumar, wadda a yanzu kurame ne suka fi yawa a cikinta, ta sanar da Jane Fernandes a matsayin magajiyarsa. Kurma ce tun haihuwa, kuma ita ce mai kula da harkokin karatu na jami'ar tun 2000. Wanda ke kallo daga waje zai ce magana ta ƙare, ga kurma, ga mace. Sai ga ɗalibai sun fice daga zauren sanarwar, sun kafa tantuna a harabar jami'a.

Me ya jawo? A nan ne bakin ya rabu biyu, kuma har yau bai haɗu ba.

Fernandes ta ce laifinta ɗaya ne, wasu na ganin kurumtarta ba ta cika ba. Ta tashi tana magana da baki tana karanta leɓe, ta yi makarantun masu ji, ba ta koyi maganar hannu ba sai tana da shekara 23. A ganinta, rigimar ta masu son tsare ƙofa ce, alhali duniyar kurame na sauyawa: yara da yawa yanzu ana yi musu dashen na'urar ji a cikin kunne, da yawa kuma suna karatu tare da masu ji, kuma dole jami'ar ta buɗe musu hannu in tana son ta rayu. Manyan jaridu suka ɗauki wannan bayani suka yaɗa, domin yana da sauƙin fahimta ga mai ji.

Masu zanga-zangar suka ce an yi musu gurguwar fassara. Kukansu, in ji su, a kan salon mulkinta ne, cewa shekarun da ta yi tana riƙe da harkokin karatu ba ta shawara da malamai kuma ba ta sauraren ɗalibai. Suka ce an tsara zaɓen ne don ita tun farko. Ɗalibai baƙaƙen fata kuma suka ɗaga wata tambayar: yaya aka yi mutum ukun ƙarshe duk farare ne, aka zubar da Glenn Anderson, baƙar fata kurma wanda ya daɗe yana jagorantar hukumar kanta?

Bayan an dawo hutu, a watan Oktoba wuta ta ƙara ruruwa. Ɗalibai suka mamaye babban ginin azuzuwa, ƴan ƙwallon jami'ar suka tare ƙofofi, karatu ya tsaya cik kwana uku. Daren Juma'a 13 ga Oktoba aka kama mutum sama da 130, bisa umarnin I. King Jordan, mutumin da zanga-zanga ta ɗora a kan kujera. Cikin waɗanda aka kama har da Tim Rarus, ɗaya daga cikin jagororin 1988. Kwana uku bayan haka kashi 82 cikin 100 na malaman da suka kaɗa ƙuri'a suka nemi Fernandes ta sauka. Ranar 29 ga Oktoba hukumar ta soke naɗin nata tun ba ta kama aiki ba.

An ji jiki. A 2007 hukumar da ke tantance ingancin jami'o'in yankin ta sa Gallaudet a ƙarƙashin gargaɗi, sai a 2008 ta wanke ta. Robert Davila, ɗan ma'aikatan gona ƴan asalin Meziko wanda sanƙarau ya kurumta yana shekara takwas, shi aka kira ya ɗinke ɓarakar daga farkon 2007. Fernandes ta je ta shugabanci wata kwalejin masu ji a 2014. Gallaudet kuwa ba ta samu mace kurma da ta zauna daram a kujerar ba sai a 2016, da zuwan Roberta Cordano.

Mai adalci zai ga gaskiya a ɓangarorin biyu. Mutanen da aka shekara ɗari ana dukan hannuwansu suna da dalilin kishin harshensu, kuma shugaban da ba ya sakin jiki a cikin harshen mabiyansa zai sha wuyar samun amanarsu. A ɗaya hannun, Fernandes ba ita ta zaɓi yadda aka rene ta ba, kamar yadda yaron da aka yi wa dashen na'ura yana shekara biyu ba shi ya sa hannu a takardar likita ba. In aka ce asali ne ma'auni, mafi yawan kurame za su faɗi jarrabawar, tunda a gidajen masu ji aka haife su. Abin da 2006 ta fito da shi fili shi ne kalmar kurma rumfa ce babba, kuma waɗanda ke ƙarƙashinta ba tafiya ɗaya suka yi kafin su iso ba.

Igiyar da ta iso ƙasar Hausa

Wata uku kafin boren 1988, a watan Disamba 1987, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a ƙasar Ruwanda. Cikin mamatan akwai Andrew Foster, mutumin da ake kira uban ilimin kurame a Afirka.

An haife shi a 1925 a jihar Alabama, sanƙarau ya ɗauke masa ji yana shekara 11. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a Gallaudet. Ɗan mishan ne na Kirista, kuma da wannan niyya ya taho Afirka. Ya buɗe makarantar kurame a Akra ta ƙasar Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13. A Ibadan ya riƙa horar da malamai kurame daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, su koma gida su buɗe nasu azuzuwan. Ta wannan hanya maganar hannu ta Amurka ta zama tushen harshen makarantun kurame a kusan duk Afirka ta Yamma. A Najeriya ta ɗauki launin Ingilishi, a ƙasashe irin Nijar aka ɗora ta a kan kalmomin Faransanci. Yaron da ke harhaɗa baƙaƙe da yatsun hannu ɗaya a makarantar kurame ta Maradi, ko ta Damagaram, ko makarantar Hassane Bana Bâ ta Yamai, gadon Gallaudet ne a hannunsa ko bai taɓa jin sunan ba.

Igiyar kuma ta koma inda ta fito. Ɗalibai ƴan Afirka da dama sun bi sawun Foster zuwa Washinton, har wata ƴar asalin Najeriya, Khadijat Rashid, ta kai ga riƙe muƙamin mai kula da harkokin karatu na jami'ar, kujerar da Fernandes ta taɓa zama.

Ciwon da ya kurumta Foster da Davila kuwa, mutanen Maradi ba sa buƙatar a yi musu bayaninsa. Jihar tana tsakiyar zirin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi daga lokacin hunturu da ƙura har zafin bazara. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kimanin 25,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum biyar da suka tashi daga wannan ciwo, ɗaya yakan fita da tabo na dindindin, kuma rashin ji na kan gaba. Rigakafin da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a ƙarshen 2010 ya karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna, amma wasu nau'o'in na nan, kamar yadda aka gani a Yamai a 2015. Ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai zubar da ruwa da ake sakaci da shi.

Wannan ya sa kuraman ƙasar Hausa suka kasu tun daga tushe. Akwai wanda aka haifa a haka, bai taɓa jin kiran salla ba. Akwai wanda ya yi shekara tara yana ji, ya haddace izu biyu, ya iya Hausa sarai, zazzaɓin mako guda ya rufe masa kunne.

Maganar kasuwa da maganar aji

Tun kafin a haifi Foster, kuraman Hausa suna da harshensu. Ana ce masa maganar hannu, wasu su ce maganar bebaye. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuraman Kano cikin shekarun 1990, ta fitar da littafi a 2000 mai suna Maganar Hannu. Ta nuna cewa harshe ne mai zaman kansa, ba a aji ake koyon sa ba, yara na ɗaukarsa daga manya a dandali da kasuwa da wurin sana'a, kuma masu ji da yawa suna iya taɓa shi gwargwado, domin Bahaushe dama mai magana da hannu ne. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da karɓar isharar da ake fahimta a wajen ciniki da aure da saki.

Schmaling ta kuma yi bayanin sarautar Sarkin Bebaye. Kamar yadda tsarin sarautar Hausa ya ba makafi da kutare da guragu sarakunansu, haka kurame suke da nasu, daga cikinsu, mai sasanta su kuma mai kai kukansu gaba. Abin da ɗaliban Washinton suka rufe ƙofa a kansa a 1988, wato kurma ya shugabanci kurame, ƙasar Hausa ta san shi tun da daɗewa, ko da yake ikon wannan sarauta bai taɓa kai wa ga makaranta ko baitulmali ba.

Da aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano a 1977, harshen da ya samo asali daga Amurka ya shigo aji. Sannu a hankali aka samu kurame iri biyu a gari ɗaya. Ɗan makaranta yana harhaɗa baƙaƙe da yatsu, yana rubutu, yana iya hira da kurman Legas ko na Kwatano. Dattijon kasuwa bai san baƙi ko ɗaya ba, amma hannunsa ya fi zalaƙa, kuma da shi ake fahimtar juna da maƙwabta. Wani ɗan makarantar yakan ɗauki maganar dattijon a matsayin ta ƙauye. Dattijon kuma yakan ga yaron ya zo da harshen da ko uwarsa ba ta ganewa.

Daga nan batun shugabanci ke shigowa. Ƙungiyar zamani tana buƙatar mai rubuta wasiƙa da Faransanci ko Ingilishi, mai iya tsayawa gaban jami'in gwamnati ko wakilin masu ba da tallafi. Wanda ya fi cika wannan sharaɗi shi ne wanda ya kurumce da wayonsa, yana magana da baki, ya yi karatu. Sau da yawa shi ke zama shugaba ko sakatare, kuma yakan yi aiki tuƙuru. Amma wanda aka haifa kurma, mai lambu ko mai wankin mota ko mai ɗinki, yana iya zama a taron ƙungiyarsa ya ga ana magana da hannu a gabansa bai gane rabi ba. Mata kuwa, waɗanda aka fi barin su a gida ba makaranta, su ne can ƙarshen layi. Ko sunan ma ana ja a kai: masu karatu da yawa ba sa son a ce musu bebaye, suna cewa su kurame ne, kuma mai harshe a hannu ba a ce masa marar magana.

Abin da ya rage a yi

Nijar ba ta da jami'ar kurame, Najeriya ma haka. Rigimar wa zai hau kujerar shugaban jami'a tana iya zama kamar ta masu ƙoshi ga uban da ke Jiratawa wanda tunaninsa bai wuce yadda zai kai ƴarsa makarantar kurame ta Maradi kullum ba, ko gidan wa za ta zauna a birni. Wanda ya gama firamare kuma, in ya shiga kwalej cikin masu ji, yakan tarar da malami yana bayani fuskarsa na kallon allo, babu tafinta. Kaɗan ne ke tsallake wannan siraɗi har su kai ƙofar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Duk da haka tambayoyin Gallaudet suna nan a ƙaramin sikeli, kuma gara a amsa su tun rumfar ba ta cika ba. Malamai nawa ne kurame a makarantun kurame, kuma nawa ne suka taɓa zama darakta? In an zauna tsara manhaja ko rabon tallafi, kurma na cikin masu yanke shawara ko an gayyato shi ne a ɗauki hoto? Shugaban ƙungiya yana iya zama da mai lambu su fahimci juna ba tare da ɗan tsakani ba? Maganar hannu ta gida za ta samu wuri a aji kusa da ta makaranta, ko za a bar ta ta tafi tare da dattawa?

Takardun doka ba su yi ƙaranci ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, yarjejeniyar da ta wajabta wa ƙasashe su girmama harsunan hannu su kuma ɗauki malamai naƙasassu da suka iya su. Yuganda ta ambaci harshen kurame a tsarin mulkinta tun 1995, Afirka ta Kudu ta mai da nata harshen hukuma na 12 a 2023. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma dama jama'a sun fi gane al'amuransu da harshen da suka tashi da shi. Hujjar nan ta hau kan ɗan Bahaushen da harshensa na farko yake a tafin hannu.

Wani sauyin ma ya riga hukuma isowa. Da yamma a Maradi, a bakin shagon cajin waya ko ƙarƙashin fitilar titi, ana ganin samari kurame sun jingine waya a jikin bulo don hannu biyu su samu sakewa, suna hira ta bidiyo a WhatsApp da abokai a Katsina ko Yamai. A irin wannan hira alamar kasuwa da alamar aji suna cakuɗuwa, wanda ya yi makaranta yana ara daga wanda bai yi ba, shi ma yana ara daga gare shi. Ranar 23 ga Satumba ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa harsunan hannu tun daga 2018, ƙungiyoyin kurame kan fito a manyan birane da riguna iri ɗaya, a yi jawabai a gaban manyan baƙi. A wannan ranar mai lambun Jiratawa yana can bakin kwalbatin ruwa yana jiran layinsa na ban-ruwa, kuma har yanzu ba a aiko a tambaye shi, da hannu, wa yake so ya tsaya masa ba.